Baba Mai Yi wa Kwamfuta Fifita

Ranar da aka kai Baba, uban mijina, makwancinsa, gidanmu ya cika har mata suna zama a bakin rijiya. Bazara ce irin ta Haɗeja, wadda ko tabarma ka taka sai ka ɗage ƙafa. Ni ina tsakanin madafa da tsakar gida, goye da 'yata, ina kai ruwa ina kwashe kofuna, kunnena kuma yana ɗaukar abin da kowa ke faɗa. Duk wanda ya shigo sai ya ce na Allah ne mu, gare Shi za mu koma, mu amsa. Bayan nan kuma kowa da irin tasa maganar.

Tsofaffin da suka yi aikin ƙaramar hukuma tare da shi suna zaure, ina jin su ta kan katanga. Ɗaya ya ce duk shekarun da Baba ya yi yana buga tafireta a ofis, bai taɓa ganin takardarsa da shafe-shafe ba. Wani ya ce shi kuwa abin da ba zai manta ba, dattijo da furfurarsa zaune yana yi wa ƙarfe fifita da mafici kamar mai jinya. Suka yi dariya, sai kuma suka tuna inda suke, dariyar ta yanke.

A cikin gida mata sun fi tambayar abin nan nasa. Ƙanwar Inna, wato ƙanwar uwar mijina, ta ja ni gefe ta ce wai da gaske ne gona guda aka sayar aka sayo shi? Na ce ni ban san kan zancen ba, na wuce. Maƙwabciyarmu 'yar Filato, matar malamin sakandare, ta shigo da ɗankwali har goshi, ta durƙusa gaban Inna, kuka kawai take, har sai da 'yan uwa na jini suka koma ba ta haƙuri. Baffa, ƙanen Baba da ya zo daga Guri, shi ya yi masa wanka. Da aka dawo daga maƙabarta ya zauna can ƙarshen tabarma, aka kai masa fura ya ture ta gefe.

Mijina bai yi kuka ba. Yana karɓar gaisuwa, amma duk sanda na leƙa sai in ga idonsa a kan ƙofar ɗan shagon da ke jikin zaure. Ni kuma ina kallonsa, abu ɗaya ne ke cin raina tun kafin a ɗauki gawa: yanzu da Baba ba ya nan, mutumin nan zai zauna, ko shi ma Kudu zai tafi ya bar ni da yarinya mai yawan ciwo?

Don a gane abin da ya sa nake wannan tsoro, sai na faɗi labarin wan mijina. Kafin a kawo ni gidan, ya bi motar kifi zuwa Kudu neman aiki. Da fari yana aiko da gaisuwa, daga baya gaisuwar ta ɗauke. Ba a ce ya mutu ba, ba a kuma ce ga inda yake ba. Inna har yau idan ta ji mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta ajiye abin da ke hannunta. Baba ba ya ambaton sunansa. 'Ya'yansa mata duk suna gidajen mazajensu, saura mijina, wanda ya gama sakandare ya zauna ba aiki, yana bin wannan yana bin wancan. Ina da cikin 'yata ya fara maganar shi ma zai je ya gwada. Ranar da maganar ta kai kunnen Baba bai ci tuwon dare ba.

Ba a yi wata biyu ba Baba ya sayar da gonarsa ta fadama da ke Guri. Ƙanen maƙwabciyarmu yana aikin awon ruwan kogi, aikin ya ƙare zai koma Jos, yana da kwamfuta irin wadda ake naɗewa kamar littafi, da firinta mai ƙara kamar ana tsaga atamfa. Baba ya saye su duka. Ya ce a garin nan duk mai son a buga masa takarda mai kyau sai ya tafi Kano, ga malaman makaranta, ga ɗalibai, ga masu neman aiki. Shi ya iya bugu, ɗansa ya iya Turanci, su haɗu su buɗe shago.

Baffa ya zo daga Guri da ƙunshin busasshen kifi a bayan keke. Ina shara a bakin zaure, don haka na ji komai. Ya ce a nuna masa abin. Baba ya buɗe masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa hannu ɗaya ya ɗaga ta sama, ya jinjina.

"Yaya, ƙasar ubanmu ka bayar ka karɓo faranti?"

Baba ya ce masa ai ya fi kowa sanin halin da gonar ke ciki. Tun da aka datse ruwa can sama, kogi ba ya zuwa a lokacinsa, wata shekara ya ƙi zuwa, wata shekara ya zo ya kwana a kan shinkafa. Doguwar ciyawar ruwan nan, kachala, ta cinye rabin gonar, tsuntsaye na kwana a cikin kachalar suna cinye sauran. Baffa ya ce ko kachala ce zalla, ƙasa ƙasa ce, ba ta lalacewa a wayi gari a ce babu. Muryoyinsu suka hau sama, abin da ban taɓa ji ba a gidan. Sai Baba ya sassauta, ya ce:

"Ɗaya ya tafi ina kallo. Wannan ba zai tafi ba ina numfashi."

Baffa ya ɗaure kifinsa a bayan keke ya koma da shi. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninsu, a wajen suna ko jana'iza. Duk da haka ba a taɓa yanka ragon layya a gidanmu ba tare da an ware cinya an aika Guri ba, kuma ba a taɓa dawo da ita ba.

Baba ya sa wa kwamfutar suna Siririya. Kaurinta bai kai na bulo ɗin sabulu ba, 'yata ranar da aka haife ta ma ta kusa fin ta nauyi. Ni da fari sirantar ce ta burge ni. Shi kuwa ita ce ke damunsa. Wata safiya na kai masa koko, na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, sai ya yi mini bayani kamar ni ma wata mai ilimi ce, alhali a aji huɗu na tsaya. Ya ce a cikinta akwai wani ɗan abu da bai fi akwatin ashana faɗi ba, shi ne ƙwaƙwalwarta. Duk lissafi da rubutu shi ke yi, kuma yana yi yana zafi, kamar mutum a gona. Manyan kwamfutocin ofis suna da fili a ciki, iska na shiga tana fita. Wannan kuwa an matse ta don mai ita ya sa a jaka ya yi tafiya. Ya ce sun rage mata nauyi, sun haɗa da numfashinta sun rage, kuma waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa jin zafin Haɗeja ba.

Saboda haka ya tsara mata rayuwa. Da ya dawo daga sallar asuba zai leƙo cikin gida ya ce wa Inna, "A kawo ruwan Siririya." Inna ta ɗebo a randarta ta cika buta, ni ko mijina mu miƙa. Inna ba ta shiga shago, ko zaure ba ta cika fitowa ba. Ruwan nan ƙasa yake yayyafa wa, da yashin da ya zuba a kusurwa, da wani tsohon buhu da ya rataye a taga, don iskar da za ta shigo ta yi sanyi. Ita kwamfutar ko ɗigo ba ya bari ya kusance ta, har hannunsa sai ya goge a riga kafin ya taɓa ta. Ya yi mata ƙafafu da guntayen katako don iska ta bi ta ƙarƙashi. Ya sayi batirin mota da 'yar fanka, saboda wutar garin ba a dogara da ita, kuma batirin cikin kwamfutar ya daɗe da gajiya. Aiki daga asuba zuwa hantsi, sai a rufe. Ba a sake buɗewa sai bayan la'asar. Ko wane ne ya zo da rana tsaka, ko daga ina, sai dai ya zauna a inuwar darbejiya ya jira.

Yana bugu yana kasa kunne. Wai idan ƙarar 'yar fankar cikinta ta sauya, shi yana ji. Sai ka ga ya tsaya, ya ɗora bayan hannunsa a gefenta na hagu, sannan ya ɗauki mafici. Mutanen da ke wucewa kasuwar Lahadi har tsayawa suke yi su kalla. Wani abokin wasansa, Bafillace mai kawo mana nono, kullum sai ya tambaye shi yaya mai jiki, ta sha magani kuwa? Baba ya ce ta fi saniyarka lafiya, ita ba ta shiga gonar mutane.

Ba mutuwarta ce ta fi ba shi tsoro ba. Ya sha faɗa wa mijina cewa idan ta yi zafi ta tsaya cak, to ta kyauta, ta faɗi gaskiya cewa ta gaji. Ranar da ta ci gaba da aiki alhali kanta ya ruɗe, ranar ce abin tsoro, don za ta ba ka kuskure da rubutu mai kyau, kai kuma ka gaskata. Shi ya sa duk lissafin da ta yi sai ya bi da biro. Mijina yana ganin ɓata lokaci ne, sun sha yin musu a kai, har ya ce masa, Baba, to me ya sa muka saye ta?

Sai ga wani malamin makaranta daga Kaugama ya kawo sakamakon jarrabawar ɗalibansa, a haɗa maki a buga. Yana sauri, mota za ta tashi, ya yi ta roƙo. Baba ya je gaisuwar mutuwa, mijina ya ci gaba da aiki har rana ta take, ya buga ya ba shi ya tafi. Da Baba ya dawo ya taɓa gefen kwamfutar, bai yi faɗa ba, ya ce a ba shi kwafin da ya rage. Ya zauna da biro. Can sai ya miƙe ya ɗauki hularsa. An sami yara da makinsu bai haɗu daidai ba, har da wata yarinya da ta ci aka nuna ta faɗi. Lokacin wahalar mai ce, motoci sai an yi sa'a. Mijina ya ce a bari sai gobe. Baba ya ce kafin gobe uban yarinyar ya gani. Ya tafi a bayan akori-kura, ya dawo bayan magariba ƙafafunsa sun kumbura, don wani yankin hanyar a ƙasa ya tako. Tun daga ranar na ga mijina shi ma ya sayi biro yana maƙalawa a aljihu.

'Yata sunan mahaifiyar Baba ta ci, don haka Uwata yake kiranta. Idan ya ɗauke ta sai ya ce mata, Uwata, gaya wa uwarki ta rage tsoro, kullum fuskarta kamar an aiko da mugun labari. Gaskiyarsa ne. Ni ko tari yarinyar ta yi sai in kwana zaune a kanta. Ga shi kuwa ita ɗin ba ta da ƙwari, zazzaɓi ba ya nisa da ita.

Wata rana tana da wata takwas, da hantsi, jikinta ya yi zafi kamar garwashi, idonta ya fara juyewa, hannuwanta suna fisga. Mijina ya ruga neman mai babur da zai kai mu asibiti. Inna tana shafa mata ruwa, ni na rasa abin yi sai ihu. Ba wuta, ɗakin kamar tanda. Baba yana shago, tun asuba suke bugun takardun kammala karatu na wani ɗalibi, saura kaɗan. Sai kawai na ji sallamarsa a bakin ƙofata. Tun da aka kawo ni gidan bai taɓa taka ko dokin ƙofar ɗakina ba, suruki ne. Ranar ya shigo, kansa a ƙasa, rungume da batirin mota, fankar a rataye a wuyansa da wayarta. Ya ajiye, ya haɗa, ya juya fankar kan yarinyar, ya tsuguna yana tofa mata addu'a har mai babur ya iso.

Sai daga baya na san cewa da ya cire batirin, kwamfutar ta ɗauke nan take, duk aikin safiyar ya tafi. Ɗalibin ya zo ya yi ta masifa a ƙofar gida. Baba ya ba shi haƙuri, suka sake bugawa daga inda ya ɓace. Da muka dawo daga asibiti na durƙusa daga nesa zan yi masa godiya, ya katse ni, ya ce shi marasa lafiya biyu gare shi a gidan nan, duk kuma zafi ne ciwonsu, dole wata ta yi wa wata haƙuri.

Shekara biyu da wani abu muka yi a haka. Ba arziki muka yi ba, amma tukunya ba ta kwana a kife ba, kuma maganar Kudu ta mutu. Mijina ya iya bugu har ya fi Baba sauri. Ya fara zancen idan Allah ya buɗa za su ƙara babbar kwamfuta irin ta ofis, Siririya ta huta. Ni ma na fara barci.

Ranar wata Juma'a Baba ya faɗi a hanyar dawowa daga masallaci. Aka kawo shi a ɗauke, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Kwanaki kaɗan ya yi. Yana ta son ya yi magana, yana nuna wajen zaure da hannun hagu, yana kallon mijina. Wasu suka ce masallaci yake nufi, wasu suka ce a fitar da shi ya sha iska. Ni na san abin da yake nunawa, mijina ma ya sani, amma nuni ba wasiyya ba ne. Ya cika da hantsi, lokacin da ya saba rufe shago.

Bayan sadakar uku Baffa ya tara mu, don shi ne babba yanzu. Ya ce duk abin da mamaci ya bari ba mai taɓawa sai an raba gado, tun daga riga har allura. Mijina ya ce masa cikin ladabi, Baffa, wannan ba kamar riga ba ce, sana'a ce, akwai aikin mutane a hannu, kuma idan aka rufe masu kawo aiki za su watse. Baffa ya ce ya sani, amma akwai haƙƙin 'yan uwansa mata, akwai kuma na wanda ba ya nan, wanda ba a san ko yana raye ba. Idan abin ya lalace a hannun mutum ɗaya kafin rabo, wa zai amsa a gaban Allah? Na kalli fuskarsa da kyau ina neman ko tsohon haushin gona ne, ban gani ba. Tsoron Allah ne ya sa shi, kuma da gaskiyarsa.

Aka sa wa shago kwaɗo. Ita kwamfutar, saboda gudun ɓarayi, Baffa ya naɗe ta a jakarta ya miƙa wa Inna ta bayan labule, ya ce amana ce, ta ajiye a ɗakinta tunda tana takaba, ba fita za ta yi ba.

Mun ɗauka da an yi sadakar arba'in za a raba. Sai malamin da zai yi rabon ya ce rabon wanda ya ɓata ba a yanke shi da gaggawa, sai an yi cigiya. Aka aika wa direbobin Kudu, aka jira. Bazara ta ƙare, damina ta sauka, kogi ya cika har ruwa ya shigo unguwannin gangare, bangon ɗakuna ya yi ta tsattsafo. Masu kawo aiki suka gaji da dawowa. Wani ya buɗe irin shagon a bakin tasha. Mijina sai ya fita da safe ya dawo da azahar ba abin da ya samo, ya kwanta yana kallon rufi. Wani abokinsa, yaron motar kifi, ya fara zuwa suna daɗewa a ƙofar gida suna magana ƙasa-ƙasa. Ran nan na ga ya wanke jakarsa ta tafiya ya shanya. Na tambaye shi, ya ce ƙura ta yi. Na ce a damina? Sai dai ya ce mini in kwantar da hankalina, muddin aka ba shi Siririya a rabonsa ba inda za shi, ko da kuwa ita kaɗai ce rabon nasa.

Da cigiya ba ta haifar da komai ba, malam ya ce a ware wa wanda ba ya nan rabonsa a cikin gidan, a raba sauran. 'Yan uwan mijina mata suka ce sun yafe masa kwamfuta da firinta, su ba abin da za su yi da su. Ranar har na dafa shinkafa da kifi. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, malam da Baffa da mijina suka zauna, mu mata muna daga baya. Baffa ya ce Inna ta miƙo amana.

Abin da ya fito ta ƙarƙashin labule ba jaka ba ce. Ƙunshin ganyen algarara ne, jiƙe, an ɗaure shi da igiya tsaf, irin ɗaurin da Inna ke yi wa goronta don kada ya bushe. Ta yi magana daga ciki, muryarta har da ɗan jin daɗi, wanda rabon da in ji tun rasuwar. Ta ce da aka ba ta, ta ji jakar roba ce mai riƙe zafi, ga ɗakin kamar wuta, sai ta tuna Malam, wato Baba, bai taɓa yarda abin nan ya wuni da zafi ba. Shi ne ta cire ta, ta shimfiɗa mata ganye, ta naɗe.

"Kullum da asuba ina ba ta ruwanta, yadda ya saba. Ko rana ɗaya ban yi fashi ba."

Mijina ya kwance igiyar a hankali. Warin ruma ya taso har inda nake. Duk 'yan ramukan gefenta sun yi kore, ƙusoshin sun yi tsatsa, da ya buɗe ta sai ga inuwar ruwa kwance a bayan gilashin. Ya danna, ya sake dannawa. Baffa ya juya fuskarsa wajen katanga. Inna ta tambaya daga bayan labule ko lafiya, ta ji shiru.

Mijina ya ce, "Lafiya lau, Inna. Sannu da ƙoƙari. Allah Ya saka da alheri."

Ta ce amin, Allah Ya sa masa albarka a ciki.

Ya shanya ta a inuwa kwana da kwanaki, sannan ya kai ta Kano. Ya ce wa Inna za a yi mata 'yar dubawa ne saboda ta daɗe a ajiye. Mai gyaran ya buɗe a gabansa, ya nuna masa ƙwaƙwalwar nan da Baba ya yi shekaru yana yi wa fifita, ƙafafunta duk sun ruɓe. Ya ce da babbar kwamfuta ce da an zare an sa wata. Irin waɗannan sirara kuwa a manne take da allon ciki, don a rage kauri, idan ta tafi ta tafi da komai. Mijina ya bar ta can, ya ce ba zai iya sake ɗauko ta ba.

Baffa ya zo har ɗakinmu, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya daga waje ya ce wa mijina ya zo Guri, ga jirgi ga taru, abin da ya samu su raba. Mijina ya yi godiya, ya ce Baffa, kogin da bai ciyar da waɗanda ke bakinsa ba, ƙara masa baki zalunci ne. Baffa ya daɗe a tsaye, sannan ya ce shi ya rufe shagon nan da hannunsa. Mijina ya ce ba wanda ya yi komai, haka Allah Ya rubuta.

Na yi kuka, na yi roƙo, na ajiye masa yarinyar a cinya na ce ya dube ta. Ya dube ta ɗin. Ya ce saboda ita ne ma. Da safe bayan sallah ya shiga ya yi wa Inna sallama, ya ɗauki jakarsa, ya tafi kasuwar kifi inda motar ke lodi. Ban raka shi ba, daga zaure na tsaya. Tun tafiyarsa saƙo ɗaya ya zo ta bakin direba, wai ya sauka lafiya, yana dako a wata kasuwa kafin wani abu ya samu.

Baba, Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka inda kake, Ya sanyaya maka shi. Ka riƙe mana mutumin nan iya numfashinka kamar yadda ka ce. Na sa wannan a takarda ne don jikarka ta san irin kakan da ta yi, don ba za ta tuna fuskarka ba.

Jiya da la'asar ina yi wa yarinyar wanka, Inna ta kira ni. Takabarta ta kusa ƙarewa, ta rame sosai. Ta ce in zauna. Ta ce ita fa har yanzu ba ta gane ba, abin ubansa yana nan, ta riƙe masa shi da kyau, 'yan uwansa sun bar masa, to me ya rasa a garin nan da zai kai shi Kudu? Na ce ni ma ban sani ba, Inna. Ta ci gaba da jan carbi.

Can ta ce, "To idan an dawo da ita daga Kano ki kawo mini. In ci gaba da riƙe masa kafin ya dawo."

Na ce to.